Yadda Jar Fatarmu Ta Koma ta Maroko

Shekaru aru-aru masu yi wa littattafai bango a Ingila da Faransa suna sayen wata jar fatar akuya mai laushi, suna kiranta fatar Maroko. Babu musu Maroko na da nata majema, amma kaso mai tsoka na wannan fata daga ƙasar Hausa ya fito. A ina sunanmu ya faɗi?

Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai jajayen fatu Tarabulus, rinannu da ruwan karan wata irin dawa. Karan dafi ke nan. Ba don tsabarsa ake shuka shi ba. Jan ɓawon da ya rungumi karan ake ɓarewa a shanya, a daka, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, sai jan ya fito jawur. Kafin nan majemi ya gama jeme fatar da bagaruwa, kuma wadda aka fi nema ita ce ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma, ayari ya bi ta Agadas da Gat har bakin teku. Attajirin Turai bai taɓa ganin marina ba, gaɓar Arewacin Afirka kawai ya sani, sai ya laƙaba wa kayan sunan can.

Ta Agadas ɗin nan turkuɗin Kura ke isa ga Abzinawa, shi kuwa ya tsira da sunansa, har yau ɗan Kura ake ce masa, don masu sayensa sun san hanyar garin.

Jan rinin namu kuwa ya ja baya, kuma abin na ci mini rai. Tun da ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, ya shigo Kadawa da Bunkure, hankalin manomi ya koma kan shinkafa da alkama da tumatir, dukawa da yawa kuma suka rungumi rinin kanti. Mai neman karan dafi yanzu ya fi samunsa wajen masu magani, ana dafa shi don ƙarin jini, ko a zangunan Hausawa na Gana, inda da shi ake ja wa shinkafa da wake launi.