Takin Bola: Daga Mangalar Jaki Zuwa Jirgin Ƙasan Holan

Tun da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, na lura manoma da yawa a kewayen Kano sun koma wa bola gadan-gadan. Tifa ta kwaso shara daga gari, a juye a gona kafin saukar damina. Jama'a, abin ba sabo ba ne. Sai dai bolar da kakanninmu suka sani da wadda ake kwasowa yau ba ɗaya ba ce, kuma akwai ƙasashen da suka bi wannan hanya kafin mu, suka sha wuya, suka gyara.

Mu fara da gida. Shekaru aru-aru jakai na shigowa birnin Kano da itace da hatsi, su fita da mangala cike da taki: toka, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida, ɓawon gyaɗa. Michael Mortimore, Baturen da ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan zirga-zirga na cikin dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Kusan duk abin da ke cikin sharar wancan lokaci mai ruɓewa ne. Ba leda, ba batir, ba kwalbar magani.

A Indiya kuwa, tsakanin 1924 da 1931, Albert Howard ya yi aiki a garin Indore, ya tsara yadda ake ruɓar da shara da gangan, ba a bar ta ta ruɓe yadda ta ga dama ba. A jera ganye da kara, a ɗora kashin dabbobi, a barbaɗa toka ko ƙasa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Ƙwayoyin halittar da ke cin sharar su ne ke sa tulin ya yi zafi har ya haura digiri 55, wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Howard da kansa bai ɓoye ba cewa a wajen manoman Asiya ya koyi abubuwa da yawa.

Amma labarin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na Holan. A 1929 aka kafa kamfanin VAM. Jirgin ƙasa ke ɗauko sharar birnin Hague ya kai ta Wijster da ke lardin Drenthe, a ruɓar da ita, a sayar wa masu gonakin rairayi marasa albarka. Kun ga ai jakinmu ne, sai dai nasu na tafiya a kan dogo. Abin ya yi aiki shekaru da dama, don sharar gidajensu a lokacin toka ce da ragowar abinci.

Sai zamani ya sauya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba da kwalba da gwangwani da batir da fenti suka cika kwandon shara. Masana'antun taki suka yi ta ƙara injina: a niƙa, a tankaɗe, a sa maganaɗisu ya janye ƙarfe. To, a nan gizo ke saƙa. Idan ka niƙa kwalba tare da ɓawon dankali, babu rariyar da za ta raba su tsaf. Mafi muni ma shi ne abin da ido ba ya gani. Batir ya fashe a cikin jiƙaƙƙiyar shara, dalma da kadmiyom da makuri su bi ruwan su shige cikin takin. Zafin ruɓewa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ya taɓa ƙarfe, hasali ma tulin na raguwa ne gubar na nan yadda take. Manoma suka fara gudun takin, gwamnatoci suka sa iyaka kan yawan gubar da aka yarda da ita.

Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake can haƙar zinare ce sila, ba bola ba.

Maganin da Turawa suka samu bai kai injinan tsada ba: a raba tun daga gida. Daga 1994 doka ta wajabta wa ƙananan hukumomin Holan su riƙa kwashe ragowar kayan lambu da 'ya'yan itace da sharar lambu daban. Jamus ta hana binne sharar da ba a sarrafa ba daga 1 ga Yunin 2005. Gaurayayyar shara har yanzu suna ruɓar da ita a masana'anta, amma don a rage wari da iskar methane kafin a binne, ɓangaren da ke cin wuta kuma a kai wa irin su kamfanonin siminti su ƙona. A Holan da Jamus ba a kai ta gonar abinci. Tarayyar Turai ma ta sa ƙarshen 2023 a matsayin wa'adin da duk ƙasashenta za su riƙa ware shara mai ruɓewa.

Shi ya sa idan na ji ana cewa za a kawo mana katafariyar masana'antar mayar da shara taki, tambayata ɗaya ce: wace sharar za a zuba mata? In bolar unguwa ce da ledar fiya wata da allurar kemis da tokar taya, to wallahi abin da Holan ta bari ne za mu saya da tsada. Alhali ga kasuwannin kayan gwari irin 'Yankaba, ga kasuwannin 'ya'yan itace, ga mayanka, ga kara, inda sharar ke fitowa kusan a ware, ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da tumbi. Nan ya kamata a fara, da fili da ruwa da matasa masu shebur da rariya, a kuma riƙa kai samfur ɗakin gwaji kafin a sayar.

Manomin da tifa za ta sauke wa bola a bana kuwa, ya tsince batir da kwalba tun tana tsibi, ya bar ta ta yi zafi, ya juya ta sau biyu ko uku, kada kuma ya cinna mata wuta don rage leda. Kuma ya nisantar da ita daga fadamar latas da alayyafo da karas.