Nana Khadija, Attajirar Makka

A ƙarni na 6 na Miladiyya Makka gari ne da ba a noma a cikinsa, kwari ne tsakanin duwatsu wanda arzikinsa ya dogara ga Ɗakin Ka'aba da kuma fatauci, domin Ƙuraishawa kan tashi ayari zuwa Yaman da hunturu, su tashi wani zuwa Sham da bazara. A nan aka haifi Khadija 'yar Khuwailid, wajen shekara ta 555, a gidan Banu Asad, kuma nasabarta ta haɗu da ta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kakansu Ƙusayyu. Tun kafin Musulunci mutanen garin ke kiranta Ɗahira saboda kamewarta.

Ta yi aure sau biyu, da Abu Hala na ƙabilar Tamim da kuma Atiƙu na Banu Makhzum, ta haihu da kowannensu, sannan ta wayi gari ba miji, ga 'ya'ya ga dukiya a hannunta. Manyan Ƙuraishawa suka yi ta aiko da neman aure tana mayar da su, ta duƙufa ga kasuwancinta. Ba ta bin ayari da kanta. Takan ɗauki maza ta danƙa musu haja, su kai kasuwannin nesa su sayar, su saro wata, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Wanda ya san fatauci ya san cewa mai irin wannan ciniki ba ya ganin kasuwa balle ya ji farashi da kunnensa, duk jarinsa yana rataye ne a kan amanar wanda ya aika, don haka babbar ƙwarewar Khadija ita ce sanin mutane.

Wannan ƙwarewa ce ta sa, wajen shekara ta 595, ta aika wa wani saurayin Banu Hashim mai shekara 25, wato Annabi Muhammadu, wanda garin ke kira Al'aminu, ta yi masa tayin ya kai hajarta Sham a kan lada fiye da wanda ta saba bayarwa. Ta haɗa shi da bawanta Maisara, suka isa Busra, suka komo da riba mai yawa. Amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne labarin da Maisara ya kawo na halin mutumin a hanya da cikin kasuwa, inda bai ɓoye aibin kaya ba, bai kuma yi rantsuwa da gumaka don ya sayar ba. Sai ta tura ƙawarta Nafisa ta ji ta bakinsa, magana ta kai ga manya, baffansa Abu Ɗalib ya yi huɗubar neman aure, baffanta Amru ɗan Asad ya bayar da ita, aka biya sadaki raƙuma 20. Ruwayar da ta fi shahara ta ce shekarunta 40 a lokacin.

Shekara 15 suka biyo baya cikin natsuwa, kuma a cikinsu ne aka ga inda dukiyarta ke tafiya. Ta haifi Alƙasim da Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Fatima da Abdullahi, mazan duka suka rasu suna ƙanana. Da fari ya tsananta wa Abu Ɗalib mai yawan iyali, a gidanta aka reni ɗansa Aliyu. Zaidu ɗan Harisa, wanda ɗan ɗan'uwanta Hakimu ɗan Hizam ya sayo mata, ta ba mijinta shi kyauta, shi kuma ya 'yanta shi. An ruwaito cewa da Halimatus Sa'adiyya, wadda ta shayar da mijinta, ta zo tana kukan fari ya cinye dabbobinsu, da tumaki 40 da raƙumi Khadija ta sallame ta. Ita ce kuma ke haɗa wa mijinta guzuri duk lokacin da zai keɓe a kogon Hira.

A watan Ramadan na shekara ta 610 ya sauko daga kogon jikinsa na rawa, ya nemi a lulluɓe shi, ya ce yana jin tsoro ga ransa. Khadija ba ta ruɗe ba. Ta lissafa masa halayensa da ta sani, na sada zumunci da ɗaukar nauyin mai rauni da karrama baƙo da taimakon wanda masifa ta auka wa, ta kafa hujja da su cewa Allah ba zai taɓa kunyata mai irin wannan hali ba. Sannan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, dattijo masanin littattafan da suka gabata, wanda ya tabbatar masa cewa Mala'ikan da ya zo wa Annabi Musa ne ya zo masa. Da haka ta zama ta farko da ta yi imani, a lokacin da imani ba ya jawo wa mai shi komai a Makka sai asarar abokan ciniki da ƙiyayyar dangi.

Asarar kuwa ta zo. A shekara ta 7 da aiko Annabi Ƙuraishawa suka rubuta takarda suka rataye a Ka'aba, cewa ba ciniki ba auratayya da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib har sai sun miƙa Annabi. Aka takure su a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara 3, yunwa ta kai ana cin ganyen itace, ana jiyo kukan yara daga bayan kwarin. Khadija 'yar Banu Asad ce, danginta ba sa cikin waɗanda aka sa wa takunkumin, ga tsufa ya kama ta, amma ta shiga tare da mijinta, ta yi ta ciyar da mutane daga abin da ta tara. Har ta kai wata rana Abu Jahal ya tare Hakimu a hanya don ya hana shi kai wa gwaggonsa alkama, sai da Abul Bakhtari ya shiga tsakani aka bar abincin ya wuce.

Ba ta daɗe ba bayan an yaga takardar. Ta rasu a Ramadan na shekara ta 10 da aiko Annabi, shekara 3 kafin Hijira, tana da kimanin shekara 65, a shekarar da Abu Ɗalib ya rasu, abin da ya sa aka kira ta shekarar baƙin ciki. Aka binne ta a Hajun, inda maƙabartar Mu'alla take a yau. Shekara 25 suka zauna bai yi mata kishiya ba, kuma ko a Madina idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Bayan yaƙin Badar a 624, Zainab ta aiko da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta don fansar mijinta Abul Asi, Annabi ya gane sarƙar, ya nemi sahabbai su saki fursunan su mayar mata da kayanta, suka kuwa amince. Zuriyar Annabi da ta wanzu har yau ta fito ne ta tsatson Fatima, 'yar Khadija.