Asma'u: Sunan Da Ya Yi Hijira Sau Biyu

Yau hirarmu a kan sunan Asma'u ne, wanda a gida muke gajarta shi mu ce Ma'u. Da wuya a shiga unguwa a rasa mai wannan suna, amma sau da yawa ana raɗa wa jaririya shi ranar bakwai don kawai sunan kaka ne ko na goggo, ba a san abin da ke cikinsa ba. Hausawa kuwa sun ce suna linzami ne.

Sunan dai Larabci ne. Malaman lugga sun yi masa fassara fiye da ɗaya: wasu sun ce jam'in kalmar "ismu" ne, wato sunaye, wasu sun ce daga kyawun fuska ya samo asali, wasu kuma sun danganta shi da ɗaukaka. Duk wadda aka ɗauka, alheri ce.

Wadda ta fito da sunan ita ce Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, yayar Nana A'isha ta wajen uba. A shekarar 622, lokacin da Annabi (SAW) da mahaifinta suka ɓuya a kogon Sauru kwana uku kafin su nufi Madina, ita ce ta haɗa musu guzuri. Da ta rasa igiyar ɗaure jakar, sai ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure da ɗaya, shi ya sa ake ce mata Zatun Niɗaƙaini, mai ɗamara biyu. Abu Jahal ya zo har ƙofar gida yana tambayar ina ubanta, ta ƙi faɗa, ya mare ta har ɗan kunnenta ya faɗi, ba ta tona asiri ba. Ta yi hijira da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu, jariri na farko da Muhajirai suka samu a Madina. Ta rasu a Makka a shekara ta 73 bayan hijira, tana da kimanin shekara 100.

To, a ƙasarmu kuma fa? A shekarar 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tagwaye a Degel. Namijin aka sa masa Hassan. Bisa al'ada da sai a ce macen Hassana ko Usaina, amma Shehu ya zaɓar mata Asma'u. Ikon Allah, tana da shekara 11 ita ma ta yi hijira tare da mahaifinta daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Ga inda zancen ya shafe mu. Nana Asma'u ta lura matan aure na ƙauyuka ba za su bar ɗakunansu su zo Sakkwato karatu ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, dattawan mata masu ilimi, ta ba kowace malafa da jan rawani. Su ke zuwa wurinta da 'yammata, su koyi tauhidi da tsarki da salla da zaman lafiya da maƙwabta, cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, sannan su koma su shiga gida-gida suna koyarwa. Wato kulle bai hana kakanninmu karatu ba, ilimin ne ya bi su har tsakar gida. Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Saboda ita ne sunan ya ƙara bazuwa, har aka sa wa makarantun 'yammata da ɗakunan kwanan ɗalibai sunanta.

Saboda haka uwar Ma'u, abin da ya rage gare ki shi ne ki ba 'yarki labarin masu sunanta, ki kuma roƙi maigida cikin ladabi ya bar ta ta yi karatu, na allo da na boko, kada talla ko gaggawar aure su katse mata shi. Ke ma idan akwai Islamiyyar matan aure kusa, ki nemi izini ki shiga.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su gaji masu sunansu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.