Makarantar Wusasa: Yadda Gidan Renon Yara Ya Zama Cibiyar Ilimi a Ƙasar Zazzau

Wusasa gari ne ƙarami da ke gindin duwatsu a yammacin birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, kuma duk da ƙanƙantarsa ya samu gurbi a tarihin ilimin boko a Arewacin Nijeriya wanda manyan birane da dama ba su samu ba. Sanadin haka shi ne makarantar St Bartholomew, wadda ƙungiyar mishan ta cocin Angalika da ake kira CMS ta kafa. Galibin masu ba da labarin wannan makaranta sun fi mayar da hankali kan manyan mutanen da ta yaye, amma asalinta yana ga ƙananan yara, domin kafin ta zama makaranta mai azuzuwa da ƙararrawa, gida ne da ake renon yaran da ba su da inda za su, ana ciyar da su, ana yi musu magani, ana koya musu karatu da harshen da suka tashi da shi.

Wannan dabara ta riƙon yara a gidan malami ta girmi zuwan mishan ƙasar Hausa. Ƙungiyar CMS, wadda aka kafa a Landan a 1799, ta gwada ta a ƙasar Yarabawa, inda David Hinderer da matarsa Anna suka sauka a unguwar Kudeti ta Ibadan a 1853, suka riƙa karɓar yara ƙanana suna zaune da su a gida ɗaya, bisa fahimtar cewa babba da ya riga ya kafu a kan al'adarsa yana da wuyar juyawa, shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hausawan da suka zauna a Ibadan daga baya, waɗanda aka keɓe wa unguwar Sabo a 1916, sun gane wannan manufa sarai, shi ya sa suka daɗe suna riƙe da makarantun allo na unguwarsu, suna nesanta 'ya'yansu da makarantun mishan da ke kewaye da su. Irin wannan ɗari-ɗari ne mishan ta taras a ƙasar Hausa kanta, har ma fiye.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata tawaga ta mutum biyar daga Ikko zuwa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su izinin zama, ya umarce su da su fice, suka koma Girku a kudancin Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Cikin tawagar akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, haifaffen 1872, wanda ya yi karatun likitanci a asibitin St Bartholomew na Landan, kuma kafin wannan tafiya ya zauna a Tarabulus ta ƙasar Libiya yana koyon Hausa a bakin fatake da maniyyata. A can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ya riƙe kamar ɗansa, ana iya cewa kuma shi ne ɗalibinsa na farko. Sai a 1905, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya samu damar zama a cikin ganuwar birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani, karatu kuma ya biyo baya.

Shirinsa na farko babba ne: makaranta ɗaya ta malamai da za su koyi rubutun boko, wato rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa maimakon ajami, da wata ta kwana domin 'ya'yan sarakuna. Ta biyun ba ta yi ƙarko ba, kuma dalilin a bayyane yake. Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa mulkin Turawa ba zai taɓa addinin jama'a ba, sarakuna kuwa suna riƙe da wannan alkawari, ba su ga hujjar miƙa 'ya'yansu ga mutumin da bai taɓa ɓoye cewa wa'azi ya kawo shi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta bi wata hanya, ta ɗora wa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Wajibi ne a tuna kuma cewa Zariya ba ta rasa tsarin karatun ƙananan yara ba. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yakan ɗauki allonsa zuwa zauren malam, ya fara da haddar gajerun surori, ya wuce zuwa babbaƙu, wato sanin haruffa tsura, sannan farfaru, wato haɗa su da wasula, kuma iyaye sun gamsu da wannan tarbiyya. Saboda haka yaran da suka rage a hannun Miller su ne na gefen al'umma: marayu, da marasa lafiyar da aka kawo magani suka zauna, da 'ya'yan tsirarun mutanen da suka karɓi addininsa.

Abin da ya sauya yanayin makarantar ya zo ne daga inda ba a zata ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa ta hanyar da malaman birni suka ɗauka fita ce daga tafarki, aka yanke masa hukuncin kisa, mabiyansa kuma, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Miller, bayan tattaunawa kuma da dama suka shiga addinin Kirista, aka kafa musu mazauni a Gimi ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Mazaunin ya fara da alamun albarka, da gonaki da majami'a da makaranta, amma wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga cikin jama'ar ya yi musu mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru kaɗan, har aka tashi garin. Yaran da suka tsira, da yawansu sun rasa uwa ko uba ko duka biyun, aka kwaso su zuwa Zariya. Babu yadda za a ba da tarihin wannan makaranta da gaskiya ba tare da tsayawa a kan wannan masifa ba, domin azuzuwanta sun cika ne da 'ya'yan mutanen da suka bar gidajensu saboda abin da suka yi imani da shi, suka mutu a wurin da aka zaɓa musu.

Riƙon irin waɗannan yara ya tilasta wa makarantar yin abin da masana tarbiyya na yau suke kira shirya yaro domin karatu, wato a tabbatar ya ƙoshi, yana da lafiya, ya saba da zama cikin tsara, ya iya sauraro da bin umarni, hannunsa ya saba da riƙon abin rubutu, kafin a ɗora masa darasi. A nan likitancin Miller da taimakon 'yar'uwarsa Ethel da sauran matan mishan suka yi amfani, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan mata suka shiga karatun boko tun kafin gwamnati ta buɗe musu makarantu a Arewa. Mafi muhimmanci shi ne harshe. Miller ya ƙware a Hausa ƙwarewar da Hausawan zamaninsa suka shaida, ya rubuta littafin nahawunta, kuma shi ne ginshiƙin aikin fassara Littafi Mai Tsarki wanda aka buga cikakke a 1932. Yaron da ya fara karatu a hannun mishan ɗin Zariya da Hausa yake haɗa baƙi da wasali, da Hausa yake ƙirga da waƙa da addu'a, sai ƙafarsa ta kafu sannan Turanci ya shigo. 

Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai taɓa kwanta wa masarauta ko jami'an mulkin mallaka a rai ba, kuma bayan doguwar taƙaddama aka amince da ƙaura zuwa Wusasa a 1929, abin da Miller bai so ba, har daga baya ya koma Kano, ya ƙarasa rayuwarsa a Bukuru a 1952. A sabon wurin aka gina majami'ar St Bartholomew da tubali da jar ƙasa, da bakan gizo irin na soron Hausawa, aka kafa asibitin St Luke, makarantar kuma ta samu fili da ɗakunan kwana, ta riƙa karɓar yara daga sassan Arewa daban-daban. Ƙaurar ta ba ta sarari, amma ta raba ta da birni, ta yadda Kiristan Hausawa suka tashi a tsibirinsu, suna magana da harshe ɗaya da mutanen Zariya, suna sa tufafi iri ɗaya, amma hulɗar yau da kullum ta ragu.

Sakamakon ya wuce girman garin nesa ba kusa ba. Daga wannan al'umma Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham, ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta, kuma sunansa ne asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da shi. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, ɗan Wusasa ne. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a nan ya yi karatun farko, domin mahaifinsa mai wa'azi ne da ya taso daga ƙasar Angas. Haka ma Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, wanda fannin da ya zaɓa a likitanci shi ne lafiyar yara.

Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan, ciki har da sakandaren St Paul da ke maƙwabtaka da Wusasa, wadda ta koma Kwalejin Kufena, sannan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara. A wancan lokaci ma'aunin shirin yaro a makarantu da yawa bai wuce a ce ya ɗora hannunsa bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya ɓangaren ba. In ya taɓo a rubuta sunansa, in ya kasa a ce ya dawo baɗi, ko ya zauna a abin da jama'a ke kira rabin aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da karatun gabanin firamare, wanda a Turai ake danganta shi da Friedrich Froebel na Jamus, da ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a 1840 saboda ya ɗauki wasa da waƙa a matsayin hanyar koyo, amma manufar ta bar gudanar da shi a hannun masu zaman kansu. Ta wannan giɓi coci-coci suka dawo fagen ilimi, suka buɗe makarantun renon yara a harabobinsu, a Zariya da Kano da Kaduna da Ibadan, tun kafin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin nauyin gwamnati.

Wannan manufa ta 1977 ta tanadi cewa a koyar da yaro a matakin farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, wato abin da makarantar Miller ta yi tun shekaru saba'in kafin nan. Abin baƙin ciki ne cewa makarantun renon yara na yau, na coci da na Islamiyya da na 'yan kasuwa baki ɗaya, galibinsu sun juya wa wannan tanadi baya, saboda iyaye suna auna ingancin makaranta da yawan Turancin da ɗan shekara uku yake maimaitawa idan ya dawo gida, ko da bai san ma'anarsa ba. Wusasa kanta ta zama hedikwatar dayosis ta cocin Angalika a ƙarshen shekarun 1990, tana da kwalejin horar da limaman coci ta St Francis, kuma tsohuwar majami'ar ƙasa ta 1929 tana nan tsaye, ana lissafa ta cikin gine-ginen tarihi na ƙasar Zazzau.