Rijiyar Kusugu da Fatan Mutanen Daura

Kowane gari da abin da ya tara shi. Wani kasuwa, wani dutse, wani bakin kogi. Daura kuwa ba ta da babban kogi, bakin rijiya ta zauna, watau Kusugu.

Masu tarihi sun ce a zamanin da mata ke sarautar ƙasar, kuma mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni. Magajiya Daurama ita ta taso da jama'a zuwa inda Daura ta ke yanzu. Ga rijiya da ruwa, amma akwai wani maciji a ciki, ana ce masa Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ran Jumma'a. Abin nan ne da Hausawa ke cewa, rijiya ta bayar guga ya hana.

Ana nan sai wani baƙo ya iso da dare, sunansa Bayajida. An ce daga Bagadaza ya fito, ya biyo ta Barno, ya tsaya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu sai Jumma'a. Ya karɓi guga ya tafi rijiya, da macijin ya fito da kai sai ya sare shi. Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, da Biram ta ɗan da ya haifa da 'yar Barno. Masana na zamani suna ganin labarin almara ne da ya ɗauko wani canji na gaske, watau komawar sarauta daga hannun mata zuwa maza. Ko ta yaya aka ɗauke shi, abu guda ya fito fili: mutanen Daura sun ba da sarauta ga wanda ya ba su ruwa kullum.

Garin bai zauna lafiya ko da yaushe ba. Wajen 1805, zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga baya zuriyarsa suka zauna Zango da Ɓaure, ƙasa ɗaya ta zama uku har kusan shekara ɗari. Da Turawa suka zo, Ingilishi da Faransi suka ja iyaka, wani yanki na ƙasar ya faɗa hannun Faransi. A 1904 aka komo da tsohon gida, aka naɗa Malam Musa Sarkin Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007, shekarar da Umar Faruk Umar ya hau. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, Daura tana ciki.

Wani ɗan garin, Muhammadu Buhari, ya shugabanci Nijeriya sau biyu, daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, kuma daga 2015 zuwa 2023. A hawansa na biyu aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, aka aza harsashin jami'ar sufuri a 2019. A 2021 kuma aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka shata ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ya rasu a Landan a watan Yuli 2025, aka kawo shi gida aka rufe shi.

To, ga inda zancen ya ke. Garin da ya sami gata saboda mutum guda, ran da mutumin ya kau sai a ga ko ginin zai tsaya da kansa. Fatan mutanen Daura ba boyayye ba ne. Na farko shi ne ruwa. Ƙasar tana bakin hamada, damina gajera ce, farin 1973 da na 1984 kuwa dattawa ba su manta ba. Jama'a ta yi yawan da rijiya ɗaya ba ta isa, saboda haka idonsu yana kan madatsun ruwa na Sabke da Daberam, a sha kuma a yi noman rani. Na biyu, jirgi ya riƙa tsayawa, fatauci ya bunƙasa ta Kwangwalam zuwa Damagaram, inda 'yan'uwansu su ke. Na uku, yaran da suka gama makarantun nan su sami abin yi a gida, kada su watse Kano da Abuja su bar tsofaffi da gonaki.

Kusugu tana nan cikin ginin da aka yi mata, baƙi suna zuwa su jawo ruwa su sha, musamman lokacin Sallar Gani. Macijin wannan zamani kuwa shi ne fari, da zaman banza, da aikin da a kan fara a bari. Ba baƙo guda zai sare shi cikin dare ɗaya ba, aikin dukan gari ne, sarki da talaka. Allah ya ba su iko, amin.