Tarihin Sassaƙe a Maganin Cututtukan Fata a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan asibitin zamani, Bahaushe ya dogara da itatuwan da ke kewaye da shi wajen warkar da ƙaiƙayi da ƙuraje da kirci da gyambo. Wannan maƙala za ta bi diddigin magungunan da ake samu daga ɓawon itace ana shafawa a jiki, domin nuna cewa babbar taskar tarihinsu ita ce harshen Hausa kansa.

2.0 Shaidar Harshe

Hausa ta bambanta ɓawo da sassaƙe. Ɓawo shi ne suturar itace, sassaƙe kuwa shi ne abin da mai magani ya saso da gatari. Akan shanya shi a daka a tankaɗe, sannan a barbaɗa garin a kan miki, ko a kwaɓa da man kaɗanya a shafa, ko kuma a tafasa a wanke wurin da ruwan. Irin wannan rarrabewa ba ta samuwa sai a sana'ar da ta daɗe a hannun jama'a, kamar ta 'yan magori da wanzamai da unguwarzoma.

Sunayen itatuwan ma abin lura ne. Maɗaci, wanda masana tsirrai ke kira Khaya senegalensis, ya samo sunansa daga ɗacin sassaƙensa. Marke da bagaruwa kuwa suna ɗauke da sinadarin tanin, mai kama furotin ɗin saman fata ya ɗaure shi, har wuri mai tsattsafo da ruwa ya bushe. Wannan sinadari ne majema ke nema a 'ya'yan bagaruwa wajen jima. Ke nan ilimi guda ne ya ciyar da sana'o'i biyu, wato ta magani da ta fata, wadda Heinrich Barth ya tarar tana bunƙasa a Kano a 1851.

3.0 Daga Baka zuwa Takarda

A bisa al'ada, da ka ake riƙe wannan ilimi, ɗa ya gada daga uba. Babban yunƙurin rubuta shi da boko ya zo ne daga J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya kama aiki a Afirka ta Yamma a 1905. A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa da takwarorinsu na kimiyya. A 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, mai bayanin amfanin kowane tsiro. Tsakanin littattafan biyu ne ƙamusun Bargery ya fito, a 1934, shi ma ya adana sunayen itatuwa da na cututtuka masu yawa.

Sai dai ilimin bai tsaya inda littattafai suka same shi ba. A 1928 aka shigo da darbejiya lardin Barno. Asalinta Indiya ne da maƙwabtanta, inda aka daɗe ana maganin fata da ɓawonta da ganyenta. Cikin ƙanƙanen lokaci ta shiga jakar masu magani, ta kuma sami sunaye gwargwadon yanki: darbejiya, dogon yaro, maina, bedi. Yawan sunayen nan alama ce ta baƙuwar da ta bazu da sauri, kowane yanki ya yi mata nasa suna.

4.0 Kammalawa

Ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa, saboda haka itacen da aka sassaƙe kewaye ba ya rayuwa. A 1998 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta sanya maɗaci cikin itatuwan da ke fuskantar barazana. Idan itace ya ɓace daga gari, sunansa da kalmomin sarrafa shi kan bi bayansa. Ya wajaba ga masana harshe su tattara waɗannan kalmomi karin harshe bayan karin harshe, daga bakin masu sana'ar, tun suna raye.