Maye, Yarda da Hukunci: Shari'ar da ta Sauya Dokar Kalifoniya

Yau za mu leƙa Amurka ne, kuma tun da wuri ina sanar da ku cewa maganar fyaɗe za mu yi. Tana da nauyi, amma ba ta kaucewa ba ce.

A daren 18 ga Janairun 2015, wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin suna tafe a kan kekuna a harabar Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya, sai suka hangi wani saurayi a kan wata mace a bayan bola. Abin da ya tsayar da su shi ne matar ko motsi ba ta yi. Da suka yi masa magana sai ya sheƙa da gudu, suka bi shi suka danne har 'yan sanda suka iso. Sunansa Brock Turner, ɗan shekara 19, gwanin ninƙaya na jami'ar. Ita kuma shekararta 22. Dukansu daga wani shagali suke, dukansu sun sha giya.

To, a nan gizo ke saƙar. A kotu Turner ya ce ai ta yarda. Ita kuwa ba ta tuna komai, a asibiti ta farka. Lauyansa ya yi ta tambayarta nawa ta sha, me ta saka. Amma masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ba su karɓi labarinsa ba, domin wadda hankalinta ya gushe ba ta da bakin cewa e ko a'a. A watan Maris na 2016 aka same shi da manyan laifuffuka uku.

Laifin nan zai iya kai shi ɗaurin shekara 14. Masu gabatar da ƙara sun nemi shida. Ranar 2 ga Yuni, alƙali Aaron Persky ya ba shi wata shida a gidan yarin gunduma, da ɗaurin talala na shekara uku, da saka sunansa a rajistar masu laifin lalata har ƙarshen rayuwarsa. Wata uku ya yi ya fito. Cikin dalilan alƙalin akwai ƙuruciyarsa, da cewa bai taɓa laifi ba, da cewa ɗauri zai yi masa mummunar illa, da kuma cewa mayen da yake ciki ya rage nauyin laifinsa.

Ku lura da kyau. Giya ɗaya aka sha a daren nan. A wajensa ta zama sassauci, a wajenta ta zama abin tuhuma. Kuma ba alƙalin kaɗai ba ne, ita kanta dokar haka take. A lokacin, wanda ya yi fyaɗe da ƙarfin tsiya dole a kai shi babban gidan yari, amma idan matar tana sume ko a buge, alƙali na da damar sassautawa. Wato kamar doka na cewa tunda ba ta iya kokawa ba, laifin ya ragu.

Washegarin hukuncin, shafin BuzzFeed ya wallafa jawabin da ta karanta a kotu, miliyoyin mutane suka karanta shi cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen Satumba, gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta toshe wannan ɓaraka. A Yunin 2018 aka yi wa Persky ƙuri'ar kiranye, sama da kashi 60 cikin 100 suka ce ya sauka. Rabon da a yi wa alƙali haka a jihar tun 1932. A 2019 matar ta bayyana kanta, sunanta Chanel Miller.

Sai dai ba kowa ya yi murna ba. Hukumar da ke sa ido kan alƙalai ta ce Persky bai karya doka ba. Wata tsohuwar alƙaliya, LaDoris Cordell, ta yi adawa da kiranyen, tana ganin alƙalai za su ji tsoro su riƙa tsananta hukunci, kuma talakawa da baƙaƙen fata ne za su fi ɗanɗana kuɗarsu, ba 'ya'yan masu hali irin Turner ba. Wannan magana ba ta yarwa ba ce.

Ni dai a ganina gyaran dokar ya fi cire alƙalin muhimmanci. Alƙali ɗaya ya tafi, wani zai zo, amma doka ita za ta hau kan kowa. Adalci ga wanda ake tuhuma shi ne a saurare shi, a kawo hujja, kada fushin jama'a ya yanke masa hukunci. An yi wa Turner wannan, har ƙara ya ɗaukaka aka kore ta a 2018. Abin da bai kamata ya samu ba shi ne rangwame saboda kwalbar da ya ɗauka da hannunsa.

Ku fa, me kuka gani? Cire alƙalin daidai ne ko an wuce gona da iri? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa.